Katangar Bayan Ɗakin Inna

Damina uku kwari yana cin bayan gidan, damina ukun nan kuma Magini yana cewa bari ruwa ya ɗauke. In ruwa ya ɗauke sai ya ce bari ya gama aikin mutane. Gidan gado ne, a kan gangare yake. Shi da iyalinsa suna sama wajen ƙofa, mahaifiyarsu Inna tana ɗakin ƙarshe can ƙasa. Da can tsakanin ɗakinta da bakin kwarin akwai filin shanya da ɗan lambun da take taɓa ganye a ciki. Yanzu taku bakwai ya rage, shi ma in mai gajerun ƙafafu ne ya taka.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga motar Auta, ƙaninsa da ke aiki a birni. Bai zo shi kaɗai ba. Wata mata ce ta fito daga gaban motar, da takalmin roba har gwiwa, da jaka a kafaɗa, tana riƙe da dogon sanda mai lambobi.

"Yaya, ga Injiniya," in ji Auta. "Zaizayar ƙasa ce aikinta. Na ce ta zo ta duba mana bayan ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka."

Magini ya yi mata sannu da zuwa, har da murmushin yaƙe. Shekara talatin yana gini. Rabin gidajen unguwar nan hannunsa ne. Yau a gidan ubansa an ɗauko mace daga birni ta duba masa ƙasa, kuma ko shawara ba a yi da shi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya ƙona shi shi ne Inna. Ta fito tana dogara sanda, ta kama hannun Auta da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Autana, ashe kana tunani na. Allah ya yi maka albarka. Wallahi in hadari ya haɗu cikina kaɗawa yake."

Magini yana tsaye a gefe kamar baƙo. Shi ne ke kwana gida ɗaya da ita. Shi ke kai ta asibiti in gwiwa ta tashi, shi ke canza mata ƙwan fitila. Bai tuna ranar da ta kama hannunsa haka ba. Kuma ba ta taɓa gaya masa cikinta yana kaɗawa ba, sai yau, a gaban mutane.

Maƙwabta sun fara taruwa, don unguwar ba ta barin baƙuwar mota ta wuce ba a san dalili ba. Magini ya yi gaba zai nuna hanyar kwari, sai Injiniya ta tsaya a tsakar gida tana kallon rufin ɗakuna.

"Wa ya shafe tsakar gidan nan da siminti?"

"Ni ne," ya ce, ya ɗan ɗaga kafaɗa. "Shekara huɗu ke nan, ko tsaga babu."

"Aiki ya yi kyau, Baba. Ko ɗigo ba ya shiga ƙasa. A ba ni ruwa bokiti ɗaya."

Matar Magini ta kawo. Injiniya ta sheƙa shi a bakin ƙofa ta ce kowa ya bi shi da ido. Ruwan ya miƙe sul a kan simintin, ya wuce kicin, ya bi ta lungu, ya faɗa daidai bayan ɗakin Inna.

"Bokiti ɗaya ke nan," ta ce. "To ku haɗa da ruwan kwanon ɗaki biyar, duk indararonsu nan suke kallo. Kwarin nan ba daga ƙasa yake cin gidan ba, daga nan ake ciyar da shi."

Ba ta faɗa da izgili ba. Da ma ta faɗa da izgili, da ya samu abin kamawa. Ta yi awonta, ta kafa turaku masu jan fenti, ta yi bayani dalla-dalla. Za a tare ruwan tun daga sama a yi masa magudana ya bi ta gefe. Za a sassaƙa bakin kwarin hawa-hawa, a jera ragar waya cike da duwatsu, a dasa ciyawar jema layi-layi, don saiwarta tana riƙe ƙasa.

"Ni da ma katanga zan ja," in ji Magini. "Bulo mai inci tara, da rodi."

"Katanga ita kaɗai ba za ta riƙe ba, Baba. In ma za a yi, sai an bar mata ramuka an sa bututu, an zuba tsakuwa a bayanta, ruwa ya samu mafita. In ba haka ba ƙasar za ta sha ruwa, ta yi nauyi, ta ture ta. Kuma don Allah Inna ta bar ɗakin nan har a gama."

Hedimasta, maƙwabcinsu na gefen hagu, ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, ilimi daɗi." Kalma uku kacal, amma Magini ya kwana uku yana jin su.

Kafin Auta ya tafi ya durƙusa gaban Inna ya ce ta haɗa kayanta ta bi shi, in an gama aiki ya dawo da ita. Inna ta buɗe baki, sai ta kalli Magini. Ta ɗan jima tana kallonsa.

"A'a, ka bar ni a ɗakina. Ni ban iya hawa benenku ba."

Magini ya ji sanyi a ransa, amma sanyin bai daɗe ba. Ya ce a zuciyarsa ai benen ne ya hana ta, da gidan ƙasa ne da tuni ta shige mota.

Ƙurar motar ba ta gama kwanciya ba ya bi turakun nan ya tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, ya watsa su a kwari. Da yamma ya kira Auta a waya.

"Kai, ina raye ba za a zo a jera min kejin kaji a bayan ɗakin uwata ba. Ciyawa kuma? Macizai za ka tara mata? Ni ne babba a gidan nan, ni zan yi aikin. Ka gaya wa matar nan mun gode."

"Yaya, ai ba raini ba ne. Kowa da fanninsa."

"Fannina ne ya kai ka makaranta. Na gama magana."

Auta ɗan'uwa ne mai kunya, kuma wurin aiki sun tura shi wata jiha na wata uku. Ya ce to, Allah ya taimaka, amma don Allah a bar ramukan da aka ce.

Wannan karon Magini bai ce bari ruwa ya ɗauke ba. Abin da tsoron kwari bai sa shi yi ba a shekara uku, haushin ƙaninsa ya sa shi yi a kwana goma sha biyu. Ya ajiye aikin mutane, ya haƙa harsashi a bakin kwarin, ya zuba kankare, ya ɗora bulo. Gaskiya a faɗe ta, mutumin ya iya gini. Layi a miƙe kamar an ja da zare, kusurwa ba ta karkace ko kaɗan ba.

Da aka kai layi na biyu, tsohon leburansa, wanda suka fi shekara ashirin tare, ya ajiye kwanon siminti ya ce, "Oga, nan fa ya kamata a bar ramin farko."

"Kai ma ka zama injiniya?"

"A'a, amma ai ko waccan da muka yi a bakin hanya mun bar mata."

Magini ya san haka. Shi da hannunsa ya sa bututun a waccan. Da ba a faɗa a gaban mutane ba, da shi da kansa zai bar ramukan ba tare da wani ya tuna masa ba. Amma yanzu duk ramin da ya bari, Hedimasta zai leƙo ya ce ga shawarar Injiniya, unguwa ta ce Auta ne ya kawo mai ilimi, Magini ya bi umarni.

"Ɗora bulo," ya ce. "Katanga mai huji ai ba katanga ba ce."

Ya cike bayanta da ƙasar da ya haƙo, ya daddaɓe ta, ya yi wa katangar filasta sumul, har ya ja mata ɗan ado a kai. Simintin tsakar gida kuwa bai taɓa shi ba, indararo ma suna nan inda suke kallo.

Unguwa ta zo kallo. Aka ce kai, Magini sai Allah. Ya ɗauki hoto ya tura wa Auta ba tare da ko kalma ɗaya ba. Sannan ya kamo hannun Inna ya zagayo da ita.

"To Inna, kin gani?"

Ta shafa filastar da tafin hannu. "Ta yi kyau, Babba. Allah ya saka da alheri, ya raba ka da wahala." Suka juya za su koma, sai ta ce, "Auta kuwa ya isa lafiya? Kwana biyu ban ji shi ba."

Kwana goma sha biyu yana rana, bayansa kamar zai tsinke, albarkar da ya samu ko numfashi ba ta yi ba an sako sunan Auta a kanta. Ya saki hannunta a bakin ƙofa ya wuce.

Ruwan farko ya sauka, katanga ko gezau. Na biyu ma haka. Magini ya riƙa tsayawa a ƙofar gida yana ba da labari, yana kwaikwayon muryar Injiniya, ana dariya. A ruwa na huɗu ƙasar da ke tsakanin katangar da ɗakin Inna ta daina bushewa. In ka taka sai ƙafarka ta nutse, ruwa ya tsattsafo ta gefen takalmi.

Daga nan ɗakin ya fara sanyi. Danshi ya hau bango har ƙugu, ledar ƙasa ta kumbura, tufafin da ke cikin akwati suka yi fumfuna. Inna ta fara tari, gwiwoyinta suka kumbura har ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Matar Magini ce ta fara magana, tana zuba masa abinci.

"Baban yara, ɗakin Inna fa ya zama rijiya. Mu dawo da ita falo mana, ko na wata ɗaya ne."

"Damina ce. Wane ɗaki ne ba ya danshi?"

"Namu ba ya yi."

"To ke ki koma can ki ba ta naki, in kin ga dama."

Ta ce ta yarda, yau ma. Sai ya ture kwanon ya ce ba wanda zai motsa daga inda yake. Ya san unguwarsu. A ga an fito da gadon Inna ana ratsa tsakar gida da shi, kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa katangar Magini ta gaza.

Sati na gaba tsaga ta fito a bangon baya, siririya, daga taga zuwa ƙasa. Ya kwaɓa siminti ya shafe ta. Bayan kwana uku ta dawo, ta kawo ƙanwarta. Ya sake shafewa. Ƙofar ɗakin ta daina rufuwa, ya cire ta ya fere ƙasanta ya mayar, ya ce katako ne ya sha iska. Ɗan banɗakin Inna da ke manne da ɗakin ya rabu da bango har kana hango haske ta tsakani, ya ce a rufe shi, a kawo mata fo. Tsohuwar da duk rayuwarta ba ta yarda wani ya wanke mata ko ɗankwali ba, yau surukarta ce ke fita da fo safe da yamma. Inna takan juya fuska bango in an zo ɗauka.

Kullum da yamma wayarta takan yi ƙara, kuma duk inda Magini yake a gidan sai kunnensa ya miƙe. Muryar da ta wuni tana nishi sai ta washe. "Autana! Ka ci abinci?" Shi ba a tambayarsa ko ya ci abinci. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofarta har ta gama, sannan ya shiga.

"Inna, kar ki riƙa ɗaga wa yaron nan hankali yana wurin aiki. Ɗan danshin nan ba abin faɗa ba ne. In kin gaya masa zai kwaso mana mutane su zo suna mana iyayi a gida."

Ta dube shi, ta dubi tsagar da ya shafe, wadda simintinta bai gama bushewa ba ta sake buɗewa.

"Ban gaya masa ba, Babba. Ba zan gaya masa ba."

Kuma ba ta faɗa ba. Yana ji tana cewa lafiya lau, katanga ta yi kyau, yayanka ya yi ƙoƙari. Ko wannan bai yi masa daɗi ba. Ya ce a ransa don kar hankalin ɗan lelenta ya tashi ne take ɓoyewa.

Abin da ya ƙara dagula masa lissafi shi ne Hedimasta. Mutumin nan ashe ya karɓi lambar Injiniya tun ranar farko, don shi ma kwarin ya fara lasar bayan gidansa. Magini yana gani daga kan katangarsa aka jera kejin kajin da ya raina, aka dasa ciyawar. Aikin ko kyan gani babu. Amma in an yi ruwa sai ka ga yana tsiyaya ta tsakanin duwatsun a hankali, ƙasa tana nan inda take, jema ta yi kore shar. Mutanen da suka ce Magini sai Allah, su ne yanzu suke tsaye a bayan gidan Hedimasta suna gyaɗa kai.

Ranar wata Laraba Injiniya ta zo duba aikinta a bayan gidan Hedimasta. Daga cikin kwarin ta ɗaga kai ta ga katangar Magini, ta tsaya cak. Ko sallama ba ta tsaya yi da kyau ba ta shigo gidan, laka har gwiwa.

"Baba, katangarka ta yi ciki. Zo ka gani, ta turo kusan tafin hannu a tsakiya."

"Na gani. Haka na gina ta."

"Don girman Allah ka saurare ni. Ba aiki nake nema ba. Yau ɗin nan a huda ta a ƙasa wuri shida, ruwan ya fita. A karkatar da indararon nan. Ina da injin hudawa a mota, in ba ka aro, kai ka yi da hannunka, ba sai kowa ya san na zo ba. Amma kafin komai a fitar da tsohuwar nan."

Ya kusa yarda. Wallahi ya kusa. Kwana biyu ke nan shi ma yana zagayawa yana ɗora igiyar awo a jikin katangar, yana ganin abin da ta gani. Sai ya hango kan Hedimasta ta saman shinge, da wasu mata biyu a bakin ƙofa sun miƙo wuya.

"Auta ne ya turo ki?"

"Ba wanda ya turo ni."

"To tun ba a haife ki ba nake gini. Ki fita min daga gida."

Ta juya wajen ɗakin ta ɗaga murya. "Inna, ki fito daga ɗakin nan, ki ji tausayin kanki!"

Daga ciki muryar Inna ta fito a hankali. "Na gode, 'yar nan. Ɗana ya san aikinsa."

Injiniya ta juya ta fita. A bakin ƙofa ta ce wa matar Magini ba ta da lambar Auta ta wurin da yake yanzu, ta roƙe ta ta kira shi. Magini ya ji. Ya ce wa matarsa in ta kira, ta haɗa kayanta ta bi wayar.

Ya yi niyya, shi dai a ransa, ranar Lahadi in unguwa ta tafi harkokinta zai huda katangar ta can ƙasa inda ba mai gani. Ruwan bai jira Lahadi ba.

Ranar Juma'a tun safe ake yayyafi, da azahar sama ta ɓalle. Magini yana wani gini a ƙarshen layi, ya fake a ƙarƙashin rumfa shi da leburansa. Sai suka ji wani ƙara mai nauyi, ba irin na tsawa ba, kamar tifa ta juye duwatsu. Leburan ya dube shi. Suka zuba da gudu.

Katangar ta kwanta cikin kwari gaba ɗayanta, filastarta ko tsagewa ba ta yi sosai ba. Ƙasar da ke bayanta ta bi ta, bangon bayan ɗakin Inna ya bi ƙasar, rufi ya rufto a kan abin da ya rage. Matar Magini tana durƙushe cikin laka tana yaye kwano da hannu, yatsunta duk jini, tana kiran Inna. Hedimasta da 'ya'yansa ne suka ɗaga katakon rufin. Aka samu Inna kusa da ƙofa, a zaune a kan akwatinta, da mayafinta a jiki da takalmi a ƙafa. Bulo ya danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa.

A asibiti likita ya kira Magini gefe. Ƙugu ya karye, ƙashin baya ya taɓu. Za ta rayu in Allah ya so, amma tafiya kam, a shekarunta, kar a sa rai. Magini ya gyaɗa kai kamar ana masa bayanin gidan wani. A barandar asibitin 'yan unguwa suna ta jajantawa, kuma tun a nan aka fara gyara labarin. Wani ya ce ruwan bana ba irin na kullum ba ne. Wani ya ce simintin yanzu ba shi da ƙarfi. Wani ya ce ƙaddara ba ta da magani. Magini ya karɓi kowanne da hannu biyu. Matarsa tana zaune a ƙarshen benci da yatsu a naɗe, ba ta kalle shi ba ko sau ɗaya.

Washegari da safe Inna ta farfaɗo sosai. Auta yana hanya, tun jiya ya taso. Magini ya ja kujera kusa da gadon. Akwai tambayar da ta hana shi sakat, ba ta fita daga kansa ba tun da ya ga takalmin nan a ƙafarta.

"Inna, kin shirya fita ne?"

"Tun safe nake jin ɗakin yana ƙara, ƙasa tana zubowa daga sama. Na sa takalmina."

"To me ya sa ba ki fito ba? Taku biyu ne fa!"

Ta zuba wa silin ido. Leɓɓanta sun bushe.

"Na leƙa sai na ga matan nan sun fake a zauren gidanmu. Na ce in na fito da akwati a cikin ruwan nan suna gani, me za su je su ce a kan aikinka? Na ce bari su tafi tukuna."



"Tun ranar da Auta ya ce in bi shi na so tafiya," ta ce. "Na kalli fuskarka na fasa. Shi Auta ko na bi shi ko ban bi shi ba, ba abin da zai rage masa. Kai ne ba ka da wurin sa kanka in na tafi. Kai ne babba, da sunanka ake kiran gidan nan."

Wata uku yana auna muryarta, yana ƙirga albarkar da ta sa wa wani, yana cewa ba ta ganinsa. Ashe shi kaɗai take kallo. Tarin, da fo, da sanyin da ya cinye mata gwiwa, duk don kar a yi masa dariya a bakin layi ne. Ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai ce ta yafe masa, sai aka turo ƙofa.

Auta ne, idanu jajir, rigarsa duk ƙurar hanya. Ya faɗi a gaban gadon ya kifa kansa a hannunta yana kuka kamar yaro. Ta shafa kansa tana cewa ya isa, ya isa. Da ya ɗago, sai ya juyo ga yayansa. Bai ɗaga murya ba.

"Yaya, Hedimasta ya ce min ɗakin ya fi wata yana tsagewa. Ya ce Injiniya ta zo har gida. Kullum ina kira ana ce min lafiya lau. Me ya sa ba wanda ya gaya min? Wa ya hana a fitar da ita?"

Ga wuri ya samu. Kalma biyu ce, ni ne. Magini ya ji su a kan harshensa. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwan zafi, ta zuba masa ido, wannan karon tana kallonsa sosai. Amma ya dubi hannun Inna a kan gashin Auta, ya tuna cewa in ya faɗa, daga yau har ya mutu Auta ne mai gaskiya a gidan nan.

"Ni ce," in ji Inna daga kan gado. "Ni na ƙi fita. Yayanka ya yi ya yi da ni, na ce ba inda za ni. Taurin kai na tsufa ne, kar ka ga laifin kowa."

Irin wannan ba a kai shi kotu, ba a rubuta shi a jarida. A gidaje da yawa haka ake yi: wanda aka zalunta shi ke tashi ya rufa wa azzalumin asiri, don nasa ne, kuma a kira abin zaman lafiya.

Auta ya share ido ya ce, "Haka ne, Yaya?"

Matar Magini ta ajiye kwanon a ƙasa ta fita. Inna ta rufe ido tana jira.

"Ka san halin Inna," in ji Magini.